Yadda muka nemo wa kwalejinmu kocin ƙwallon kwando

Ni malami ne a sashen koyar da wasannin motsa jiki da lafiya a wata kwalejin ilimi nan arewa, kuma ni aka ba sakataren kwamitin da ya nemo mana sabon kocin ƙwallon kwando, don haka babu takardar da ta shiga ko ta fita ba ta hannuna ba. Tunda muka gama abokan aiki daga wasu makarantu ke ta kirana, wai su ma shugabanninsu sun ce a ɗauko musu ƙwararre, ya muka yi, ina muka samo shi, da wane kuɗi muke biyansa, to na ga gara in zauna in zayyana abin tun daga tushe kowa ya ɗauki wanda zai amfane shi.

Asalin maganar dai dattijon da ke riƙe da ƙungiyar tun kafin a ɗauke ni aiki ne ya yi ritaya. Baba muke ce masa mu duka har shugaban kwaleji. Bai taɓa horar da wani babban kulob ba, ma'aikacin ofishin wasanni ne da Allah ya sa masa son abin, amma kullum bayan la'asar yana filin nan da usur a wuya ko da yara uku ne suka fito. Da ya tafi sai aka bar yaran da kyaftin ɗinsu, shi ne koci shi ne ɗan wasa shi ne mai ajiye ƙwallaye a ƙarƙashin gadonsa a hostal, kuma wallahi yaron ya yi iya yinsa amma ɗalibi ba ya iya tsawata wa ɗalibi ɗan'uwansa. Aka je wasannin share fage na shiyya na NICEGA, gasar kwalejojin ilimi ta ƙasa kenan, aka yi mana dukan kawo wuƙa, 'yan mata kuwa ko fita ba su yi ba don ba su cika biyar ɗin da za su tsaya a fili ba. Abin ya yi wa shugaban kwaleji zafi sosai, a taron gudanarwa yace shi dai a nemo masa kocin gaske wanda ya yi aiki a gasar Firimiya ta ƙasa, ba wani malami da zai riƙa haɗawa da lakca ba.

Aka kafa kwamiti, daraktan wasanni shi ne shugaba, sai wakilin rajistara, wakilin ma'aji, wata Hajiya daga sashen kula da harkokin ɗalibai, sai ni. Muka roƙa aka ƙara mana shugaban wasanni na ƙungiyar ɗalibai, ba ya da ƙuri'a amma yana da baki.

Zamanmu na farko ko sunan mutum ɗaya ba a ambata ba, maganar kuɗi ce ta cinye shi kaf. Kuma duk wanda zai yi irin wannan aikin ina ba shi shawara daga nan ya fara. Wakilin rajistara ya buɗe mana tsarin albashin ma'aikatan da ba malamai ba, CONTEDISS, yace ku duba, a nan takardar makaranta ce ke ba mutum mataki ba yawan kofin da ya ɗaga ba. Mutum zai iya shekara ashirin yana horar da kulob, ya je gasar Afirka ya dawo, amma in abin da ke hannunsa takardar sakandare ce da ta kwas ɗin horarwa to matakin da zai faɗa ba zai riƙe masa gida ba, ga shi kuma ɗaukar ma'aikaci na dindindin sai an samu gurbi an samu amincewa daga sama, abin da zai iya cin shekara. Wani yace TETFund fa, asusun nan na gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, aka ce TETFund gini take yi da tura malamai ƙaro karatu, ba ta biyan albashi. Abin da ya rage mana shi ne kwantiragi, a riƙa biya daga kuɗin wasanni da kowane ɗalibi ke bayarwa a cikin kuɗin rajista. A nan ne ɗalibin nan ya ɗaga hannu yace ranka ya daɗe tunda kuɗinmu ne mu duka, har da wanda bai taɓa taka filin ba, har da matan da suka kusa rabin makarantar, to kocin da za a ɗauko na mutum goma sha biyu ne ko namu ne gaba ɗaya? Ni dai wannan tambayar ce ta zame min ma'auni har muka gama.

Sai aka zo rubuta irin mutumin da muke so, nan kuma ni da darakta muka sha bamban, cikin mutunci dai don yayana ne a aiki. Shi babban suna yake so, tsohon ɗan wasan ƙasa wanda in an ji ya zo kwalejinmu za a faɗa a rediyo, yara dogaye su fara cike sunanmu a JAMB saboda shi. Kuma maganarsa ba banza ba ce, suna yana jawo yara. Ni kuma nace masa yallaɓai iya wasa daban iya koyar da shi daban, kaman tela ne, akwai wanda ɗinkinsa ba na biyu amma in ka kai masa yaro sai ya shekara yana guga da sa maɓalli bai iya yanka ba. A Amurka inda ƙwallon kwandon jami'o'i ta fi ko'ina kuɗi sun sha gwada wannan. Patrick Ewing babu wanda bai san shi ba a NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya ma daɗe yana mataimakin koci a can, jami'arsa ta Georgetown ta ɗauko shi a 2017, ya ci musu kofin rukuninsu a 2021 amma kakar da ta biyo ko wasa ɗaya bai ci ba a rukunin, a 2023 aka sallame shi. Chris Mullin ma, wani tsohon gwanin NBA, ya koma jami'arsa ta St. John's a matsayin koci a 2015, zuwa 2019 ya ajiye. Darakta yace to Larry Brown fa, nace shi kam gaskiya ne, ya ci kofin jami'o'i da Kansas a 1988 ya ci na NBA da Detroit a 2004, amma har yau shi kaɗai ne ya haɗa biyun a matsayin babban koci, kuma abin da aka san shi da shi koyarwa ce tun daga yadda ake ajiye ƙafa. Mu ma ba sai mun je nesa ba, a Zariya Oliver Johnson da ake kira Coach OBJ, Ba'amurken nan da ya shafe shekaru aru-aru a ABU, da yara ƙanana ya yi suna, a hannunsa Masai Ujiri ya taso, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019.

Hajiya da ta yi shiru tana saurare sai tace ita a bar ƙofa a buɗe ga mata da masu ƙananan shekaru, ta kawo Rena Wakama, lokacin da aka ba ta D'Tigress, ƙungiyar mata ta ƙasa, a 2023 mataimakiyar koci ce a wata kwaleji a Amurka, shekarunta talatin da ɗan ɗoriya, mutane na ta ƙorafi, sai ga shi ta ci kofin Afirka a Kigali a shekarar, a 2024 kuma ta kai su zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba maza ko mata. Daga ƙarshe muka tsaya a tsakiya, dole mutum ya yi aiki a babban kulob ko na jiha kamar yadda shugaba ya nema, dole ya nuna takardar horarwa ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas ko ta kwas ɗin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kuma dole ya nuna ya taɓa koyar da masu koyo. Muka buga talla a jarida, muka aika wa ƙungiyoyin ƙwallon kwando na jihohin da ke kewaye da mu, ɗalibai kuma suka watsa a WhatsApp.

Gaskiya na zaci ba za a kula mu ba, wa zai baro kulob ya zo kwalejin ilimi? Sai ga takardu suna ta shigowa har da sunayen da nake jinsu tun ina ɗalibi. Dalilin kuwa duk mai bin wasan ya san shi. Tun 2017 da hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa ta dare biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, gasar cikin gida ta shiga halin yau ana yi gobe ba a yi, har ta kai a 2022 gwamnati ta sanar da janye ƙasar daga gasannin duniya, kafin a janye maganar 'yan matanmu sun rasa gurbinsu na kofin duniya an ba Mali. Rukunin Savannah na gasar ƙasa, wato na kulob ɗin arewa, da ke da su Kano Pillars da Gombe Bulls da Plateau Peaks da Niger Potters, wanda da can in ana wasa a Kano sai ka rasa wurin zama, ya koma 'yan makonni a shekara. Koci mai iyali da ke zaune wata da watanni ba wasa ba alawus, in ya ji wurin da za a biya shi duk ƙarshen wata ai dole ya rubuto. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, mutane ne da suka ba wasan nan ƙuruciyarsu.

Tantance takardu aiki ne mai cin rai amma ba shi da wani sirri, duk satifiket sai mun tuntuɓi inda aka ce an bayar, akwai wanda ya faɗi a nan. Abin da ya fi min amfani shi ne ban tsaya kan mutanen da mai nema ya rubuta a matsayin masu tsaya masa ba, su ai yabo za su yi, sai na riƙa neman tsofaffin 'yan wasansa da alƙalan wasa da suka yi aiki da shi, in tambaye su abu biyu, in yaro ya ji ciwo me yake yi, in an raba alawus na tafiya yana isa hannun yara cif ko yana raguwa a hanya. Za ka sha mamakin yadda mutane ke buɗe baki in ka ce musu ɗalibai za a damƙa masa. Sai kuma kiran waya, wannan kam ba makawa, wani babba zai kira yace Malam akwai yarona a cikin masu neman nan a duba min shi. Abin da muka yi tun farko mun rubuta ma'aunin maki mun sa hannu mu biyar, shugaban kwaleji ya sa nasa, duk wanda ya kira sai in ce ranka ya daɗe in sha Allahu za a yi masa adalci, ga yadda ake ba da makin, kuma ba ni kaɗai ke bayarwa ba.

Mutum uku suka kai intabiyu na ƙarshe. Na farko shi ne mai sunan da darakta ke so, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofar ɗakin taro, ya buga wa ƙasa wasa, ya riƙe kulob. Na biyu matashi ne da kwamfuta a hannu da takardar FIBA sabuwa fil, ya nuna mana bidiyo da zane-zane na yadda zai tsara hari da tsaro, kuma ya san dokoki kamar ruwa, daƙiƙa 24 na jifa, 8 na tsallake rabin fili, komawa 14 in ka cafke ƙwallon da ta dawo daga kwandon abokan karawa, babu inda ya yi tuntuɓe. Na uku mutum ne mai matsakaicin shekaru, ya daɗe yana mataimaki a wani kulob na rukunin Savannah ya kuma riƙe shi na wani lokaci, duk Asabar kuma yana tara yaran unguwa a filin wata firamare.

Tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce ta koyarwar gwaji. Karatun NCE shekara uku ne, kuma a ciki akwai lokacin da ɗalibi zai bar makaranta ya tafi koyarwa a firamare ko sakandare na tsawon zango, sau da yawa a wani gari, kuma waɗanda ke tafiyar su ne manyan 'yan wasanka da ka gama wahala a kansu. Na tambayi kowa ya za ka yi. Na farko yace abu mai sauƙi, a ba shi guraben karatu zai kawo yara daga Jos da Kaduna da Legas waɗanda sun riga sun iya, cikin shekara ɗaya ga kofi. Hajiya tace Koci za su shiga aji su rubuta jarabawa? Yace Hajiya wannan tsakaninku da su ne ni fili na sani. Ɗakin ya yi tsit, don kowa ya gane sojan haya ake nufi, abin da ya daɗe yana ɓata gasannin makarantu, a kawo ƙato wanda ba ɗalibi ba a yi masa katin shaida ya buga ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ɗan makaranta na gaskiya yana benci yana kallo. In an kama a kore ku a gasar, in ba a kama ba kun koya wa masu shirin zama malaman 'ya'yanmu cewa maguɗi hanya ce. Neman yaro mai hazaƙa ya ci JAMB ya shigo ya yi karatu ya yi wasa, wannan muna so, amma ba shi ya faɗa ba. Na biyu yace zai riƙa tura musu jadawalin motsa jiki ta waya. Na uku kafin ya amsa sai yace Malam a taimaka min da kalandar karatu da jadawalin lakca, ya duba ya duba yace to ashe ƙungiyata 'yan aji ɗaya ce, in na zuba ƙarfina a kansu zan more su shekara biyu, masu tafiya koyarwa kuma a ba kowa ƙwallo ɗaya ya je ya fara da yaran makarantar da aka tura shi. Ya ƙara da cewa ya biya ta filinmu da safe, layin maki uku na kan tsohon awo na mita 6.25 alhali FIBA ta mayar da shi 6.75 tun 2010, shi ya sa yaranku in sun je waje jifansu ke faɗuwa gaban kwando. Mu da ke wucewa ta filin kullum muka kalli juna.

Duk da haka maki a takarda sun yi kusa, na farko na da nauyin suna da gogewa. Sai muka ce gani ya kori ji, kowa a ba shi fili. Mun riga mun rubuta wannan a talla don kar wani ya ga raini ne. Kowane ɗaya yammacinsa daban, bayan la'asar zuwa kiran magariba wanda shi ne ainihin lokacin da muke da shi, ƙwallayen nan namu da suka siɗe, siminti mai tsaga, kuma rukunin yara iri ɗaya, 'yan ƙungiya da sababbin shiga da ba su taɓa riƙe ƙwallon ba da 'yan mata.

Na farko da ya shigo fili ya cika da 'yan kallo har daga cikin gari. Ya ɗau ƙwallo ya jefa daga nesa ta shige ba ta taɓa ƙarfe ba aka yi ta ihu. Cikin minti kaɗan ya ware dogaye masu iyawa ya shiga koya musu wani tsarin hari mai kyau ƙwarai, na ƙaru da shi ni kaina, sauran kuma yace su yi ta zagaye fili da gudu. Da wani yaro ya kasa gane inda zai tsaya sai ya daka masa tsawa da wata kalma da ba zan rubuta ba. A kulob wataƙila haka ake yi, mutum albashi yake karɓa dole ya shanye, amma ɗalibi da ya fito don sha'awa gobe ba za ka gan shi ba. 'Yan matan suna gefe a tsaye har aka tashi. Na biyu yana da ladabi kuma ya shirya, sai dai bayani ya yi yawa, yara na tsaye yana zana musu a allo da Turanci mai nauyi rana na faɗuwa, atisayen da ya tsara kuma na inda kowa ke da ƙwallonsa ne, da ya ga ƙwallayen ba su kai ba sai ya rikice. Ina ganin nan da 'yan shekaru zai zama babban koci in ya samu wanda zai zauna ƙarƙashinsa.

Na uku abin da ya fara yi tambayar sunan kowa, kuma ya riƙe. Ya raba su gida-gida ya sa kowane ɗan ƙungiya ya riƙe sababbi biyu, masu ƙwallo suna bugawa da hannun hagu kawai, marasa ƙwallo suna koyon tsayuwar tsaro da jan ƙafa gefe ba tare da harɗewa ba, in ya busa usur a yi musanya, babu wanda ya tsaya a banza. Hausa da Turanci yake haɗawa yadda kowa zai gane. Kyaftin ɗinmu da ke ganin ya gama iyawa, sai ya sa aka tare masa dama yace to wuce, ya kasa, ya dafa shi yace ɗana hannu ɗaya gare ka, ba ni wata uku in ba ka na biyu, yaron ya yi dariya bai ji an muzanta shi ba. Wurin 'yan mata kuwa bai taɓa kowa ba, in zai gyara wa yarinya riƙon ƙwallo sai ya nuna a hannunsa ko ya kira Hajiya yace ta dafa mata gwiwar hannu ta shigo ciki. Wata ta tambaye shi ko gaskiya ne sai an cire ɗankwali da dogon wando ake shiga gasa, don abin da ya hana ƙawayenta fitowa kenan, yace ƙanwata wannan tsohon zance ne, FIBA ta amince da rufe kai tun 2017, ki zo da hijabinki na wasa wanda ba shi da allura ko wani abu mai kaifi, ba alƙalin da zai fitar da ke. Na ga yadda suka kalli juna. Ana saura kaɗan a kira salla ya tsayar da komai ya sa su miƙe jijiyoyi, ya tambayi wa ke da gwaji gobe, yace su wuce su yi karatu su bar wa sauran tattara kaya.

Mun ba yaran takarda kowa ya rubuta ra'ayinsa ba suna. Manyan 'yan wasa wasu sun zaɓi na farko kuma na fahimce su, yaro na son a ce wane ne kocinsa. Amma sababbi da mata kusan duk na uku suka rubuta.

A zaman yanke hukunci darakta bai sauka da wuri ba, yace shugaba kofi yake so kuma shi za a tambaya in ba a samu ba. Wakilin ma'aji da ban taɓa jin ya yi maganar wasa ba shi ya warware, yace yallaɓai in mun kawo mai sojan haya kowace gasa sai mun biya su, kuɗin nan ba zai kai ba, ranar da ya tafi kuma da yaransa zai tafi mu koma inda Baba ya bar mu. Aka haɗa maki na uku ya zo a sama, darakta ya sa hannu, kuma in faɗi gaskiya tun daga ranar babu wanda ya kai shi tsaya wa sabon kocin.

Saura kwantiragi, kuma kar kowa ya raina wannan matakin. Shugaban kwaleji ya so a rubuta in ba kofi a shekarar farko a sallame shi, muka je ofishinsa mu biyar muka roƙe shi, nace ranka ya daɗe duk kocin da ka ɗaura wa wannan ka tura shi neman sojan haya da hannunka. Allah ya saka masa ya saurara. Aka yi kwantiragin shekara biyu, wata shidan farko na gwaji, abin da za a auna shi da shi kuma yawan ɗaliban da ke fitowa su ɗore, tsayuwar ƙungiyar mata, sakamakon jarabawar 'yan wasa, sannan sakamakon gasa. Ba mai sa rigar kwaleji sai ɗalibi mai rajista, wanda makinsa ya faɗi ƙasa ya huta sai ya gyara, ba atisaye a makon jarabawa, ba duka ba zagi, lokacin mata daidai da na maza kuma da ma'aikaciya mace a wurin, rana ɗaya a mako fili na kowa ne, ɗaliban sashenmu kuma su riƙa bin sa suna koyon horarwa. Shi ma ya kawo nasa, kuma duk masu hankali ne. A rubuta ranar biyan albashi, a ba shi ɗaki a cikin makaranta, a sake fentin layuka a miƙe kwandon da ya lanƙwashe ya dawo mita 3.05, a sayo ƙwallaye da akwatin taimakon gaggawa, in an yi dogon hutu a bar shi ya yi aiki da kulob don kar hannunsa ya yi sanyi, alawus ɗin tafiya kuma a tura wa kowane yaro ta asusunsa kar ya bi ta hannunsa. Na ƙarshe yace Malam don Allah a rubuta ba wanda zai aiko min da sunan wanda zan sa a wasa. Muka rubuta. Takarda ta je kwamitin gudanarwa ta je majalisar kwaleji, ta ɗan kwanta a can kamar yadda aka saba, ni kuma ina ta kiransa ina ba shi haƙuri don na ji wata makaranta ta fara zawarcinsa.

Da wata shida suka cika ni aka ce in rubuta rahoton gwaji. Na rubuta cewa maza sun buga wasannin sada zumunci da makarantun kusa, sun ci wasu an ci su wasu, har yanzu in aka matsa musu a zango na huɗu suna zubar da ƙwallo, kuma ba mu da dogo na tsakiya. Na rubuta cewa mata yanzu suna raba kansu gida biyu su kara har da masu jiran canji, cewa ya ajiye ɗaya daga cikin gwanayensa a benci saboda faɗuwa jarabawa duk da roƙon da aka yi ta yi masa, kuma ɗalibanmu da suka tafi koyarwa akwai waɗanda suka kafa ƙungiya a makarantun da aka tura su. Na ba da shawara a tabbatar da shi aka tabbatar. Abu biyu na sa a ƙarshen rahoton da har yanzu muke bi, fitilun sola a filin don a samu yin atisaye bayan tarawihi in azumi ya zo, da ɗaukar mataimakiya mace ko da ta wucin gadi ce, don Hajiya na da nata aikin ofis ba kullum za ta iya tsayuwa a fili har magariba ba. Ta fitilun tana ofishin ma'aji an ce sai kuɗin rajista na zango mai zuwa sun shigo, ta mataimakiyar kuma darakta ya karɓa yace da kansa zai kai wa shugaba.